Guzurin Duna

Bakin Hamza yana motsi sa'ad da ya fita daga gida da safiyar Asabar ɗin nan. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke kofuna ya wuce ni, sarƙar Duna, karen farautar gidan, a hannun dama, gora a hammata, jakar guzurin kare rataye a kafaɗa. Kokon da aka dama masa yana kan tabarma, ko ludayin bai taɓa ba, ƙosan ma yana ƙulle a leda. To me yake tauna? Sai na ga ya zaro hannun hagu daga cikin jakar, ya goge yatsu a wando.

"Malama Shiru, a sa mu a addu'a," in ji shi. "Yau sai gada."

Ni da Hamza taubasai ne, mahaifiyarsa yayar babana ce, don haka ba ya ganina bai tsokane ni ba. Na ce Allah ya tsare, na ci gaba da wanke-wankena. Ban ce komai a kan jakar ba. Ni dai haka nake, in na ga abu sai in haɗiye.

Abin da ke cikin jakar nan aikin Gwaggo Husaina ne, mahaifiyar Hamza. Na koma zama wurinta a Kawo, bayan tasha, da na gama bautar ƙasa ina yawon neman aiki. A nan na san cewa ta fi shekara talatin tana yi wa karnukan farauta abinci, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa sa hannu a jikin kare ba.

'Yar malami ce. Kakanmu malamin Alƙur'ani ne a Abakpa, gidan da ko kare ya gifta ta ƙofa sai an bi wurin da ruwa. Ta auri Baba Lawan, direba a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai fara'a da ta zaɓa da kanta. Ta san yana zuwa farauta ranar Asabar, amma ba ta san karnukan a gida suke kwana ba sai da ta tare. Washegari ta koma Abakpa tana kuka. Kakanmu ya bari ta gama, sannan ya ce mata karen farauta ba haramun ba ne. "Ki raba tukunyarki da tasa, ki raba hanyarki da tasa. Amma dabbar da ke ɗaure a gidanka amana ce. Kada in ji kin bar shi da yunwa."

Ta riƙe duka biyun. Aka mayar da karnukan kangon bayan gida, aka sa ƙofar langa-langa. Ta ware musu turmi, ta shafa masa jan fenti a gindi don kada wata ta ɗauka ta daka yaji. Kaskon abincinsu da doguwar sanda take tura shi ta ƙarƙashin ƙofa, da sandar kuma take jawo shi.

Al'adar mafarauta ce ba a bari kare ya ƙoshi a daren da za a wayi gari a fita, da safe kuma ba ya karyawa. Suna cewa kare mai ƙoshi inuwa yake nema, ba zomo ba. A da, sai an kashe nama ake jefa masa kayan ciki, in ba a kashe ba haka zai wuni. Wata bazara Baba Lawan ya dawo gida da sarƙa kawai a hannu. Karensa da ya fi so ya bi gada tun hantsi har rana ta take, sai ya faɗi yana shure-shure, kafin a kawo ruwa ya mutu. Gwaggo ta ce min ba ta taɓa ganin mijinta ya ture kwanon tuwo ba sai ranar. Daga nan ta fara yin dunƙule.

Na sha zama ina kallon yadda take yi. Takan soya gero a kasko har ya yi ƙamshi, ta niƙa. Ta daka ƙuli-ƙuli marar yaji. Ta sayo hanta wurin mahauci a kasuwar Kawo, ta dafa, ta yanka siri-siri, ta shanya a rufe da raga har ta bushe ƙayau, ita ma ta dake ta. Sai ta narka kitsen sa ta kwaɓa su, a ƙarshe ta zuba zuma, ta mulmula kamar ƙwan zabo. Ba albasa, ba barkono, gishiri ɗan taɓawa. Ana ba kare ɗaya in an sauka daga mota, sauran kuma bi da bi cikin yini, musamman in ya dawo daga gudu ƙafafunsa na rawa.

Matan layi sun daɗe suna yi mata dariya.

"Husaina, zuma? Da tsadar nan? Wa kare?"

"Ke kin taɓa bin zomo da ƙafa?" take ce musu.

Wasu masu karnuka mushe suke samowa, ko abin da aka zubar a kwata. Ita ba ta yarda. Sai yankakken nama, sai ta wanke hannu, kuma kafin ta zuba a jaka sai ta gutsura ta ɗanɗana. Ta ce wanda zai yi maka aiki ba ka ba shi abin da kai kake ƙyama. Shi ya sa dunƙulen nata kowa zai iya ci. Yana kuma da daɗi, ni ma na taɓa.

Baba Lawan ya rasu shekarun baya. Karnukan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, wani tsufa, wani mota. Saura Duna, baƙi wuluk mai farin tabo a ƙirji, ɗan kwikwiyon ƙarshe da marigayin ya zaɓa da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Gwaggo ba ta kiran sunansa. "Wancan na baya" take cewa. Amma in ya yi haushi ta san na yunwa, ta san na baƙo. An taya shi da tsada sau da yawa, kullum amsarta ita ce ba nata ba ne balle ta sayar.

Yanzu mafarauta ba sa nisa saboda halin da dazuzzuka suke ciki. Su Hamza sukan cika a-kori-kura da mutane da karnuka, su wuce Rigachikun kaɗan, su dawo kafin magariba. Ranar nan zafi ya yi zafi, irin wanda kwano ke ƙara a saman ɗaki. Bayan la'asar muna tsakar gida, ni ina tsinke zogale, Gwaggo tana ninke wanki, sai muka ji ihu daga waje.

"Mahaukacin kare! Ku janye yara! Mahaukacin kare!"

Gwaggo ta saki zanen da ke hannunta. Ta zura hijabi a baibai ta fita, na bi ta.

A ƙofar gidan Alhaji Nuraddeen, maƙwabcinmu na hannun dama, Duna yana kwance a gefe ɗaya. Ƙafafunsa suna shure-shure kamar yana gudu a kwance, kumfa na fita ta gefen bakinsa, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Akwai jini a hancinsa. Hamza yana tsaye riƙe da ƙarshen sarƙar, ya ja baya iyakar tsawonta, zomo da gafiya na reto a kafaɗarsa. Abokan farautarsa biyu suna bayansa. An kuma tashi 'yan Islamiyya daidai lokacin, yara sun cika layi, malamarsu tana tura su jikin bango.

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. Mai faci ya zo da ƙarfen cire taya, wani da taɓarya, wani matashi ya ɗauko rabin bulo ya ɗaga sama da kai.

"Ku dakata!" in ji Gwaggo. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. Ta ratsa ta tsaya tsakanin mai bulon da karen.

Alhaji Nuraddeen ya fito daga get da singileti, carbi a hannu. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, shi ya tsaya a kan komai ranar jana'izar Baba Lawan. Ya dubi karen, fuskarsa ta canza.

"Gwaggo, matsa daga nan," in ji shi. Duk layin haka suke kiranta. "Don girman Allah matsa."

"Alhaji, ba hauka ba ce."

"Kin tabbata? Ni na ga wannan abin da idona. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan cizo ne a dunduniya, ko jini bai fito sosai ba. A ɗaure ya rasu, Gwaggo. Uwarmu tana miƙa masa ruwa yana ihu." Ya juya ga Hamza. "Kai, an yi masa allura?"

"An yi masa... bara. Ko bara waccan."

"Bara ko bara waccan? Jinin hancin nan fa? Me ya cije shi a daji?"

"Rami ya tona, Alhaji. Ina jin rami ne. Ko ƙaya."

"Kana ji."

Sai hayaniya ta sake tashi. Wata mata ta ce jikanta kullum ta nan yake wucewa. Mai faci ya ce a gama da shi tun yana kwance, in ya miƙe ba mai iya tare shi. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina na matsa bayan Gwaggo ne don in ya zabura kada ya fara da ni.

Gwaggo ta dubi Hamza. "Auta, ka ba shi guzurinsa?"

"Na ba shi."

"Duka?"

"Duka, Inna. Ga jakar, ba komai ciki."

Ya zazzage ta, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Na ga kafaɗun Gwaggo sun sauka. In har karen ya ci abin da ta yi masa kuma ya faɗi haka, to ba yunwa ba ce, Alhaji ne da gaskiya. Ta ja ƙafa ɗaya baya. Mai bulon ya gyara tsayuwa.

Maganar tana bakina tun safe. Mutane sun fi talatin a wurin, yawancinsu maza, ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na kama gefen hijabinta na ja. Ba ta ji ba. Na sake ja, na kai bakina kunnenta.

"Gwaggo, da safe na ga yana ci. Tun kafin ya fita."

Ta juyo ta dube ni, sannan ta taka zuwa wurin ɗanta. Ta kama hannunsa na hagu ta kai hanci. Ta zura yatsa a aljihun rigarsa na gaba, inda maiƙo ya yi taswira, ta fito da ɗan gutsure ta ɗaga.

"Hamza." Ba ta kiransa da wannan sunan sai abu ya ɓaci. "Nawa ka ba shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗaya. Da muka sauka."

"Sauran fa?"

"Ban karya ba, Inna. Na ɗauki biyu a hanya, sai suka gani a mota, wannan ya ce a san masa, wancan ya ce a san masa. Na ce in mun kashe nama zan ba shi kayan ciki. To ba mu kashe ba sai da za mu taho, kuma ya bi wata gada tun..."

"Wallahi Gwaggo ba mu san na kare ba ne," in ji ɗaya daga abokan nasa.

"Ƙarya kake, Tanimu, kai ka ce a miƙo na Duna," in ji ɗayan. "Har cewa ka yi ya fi alkaki."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Gwaggo ba ta ko dube su ba.

"Alhaji, ka ji. Tun daren jiya cikinsa wayam, ya wuni yana gudu a ranar nan. Haka na marigayi ya yi a daji. Ka ba ni dama in gwada."

Alhaji ya ja carbi. "Yunwa ba ta hana hauka, Gwaggo. Yana iya zama duka biyun."

"Na sani."

"To. Ke malama, shigar da yaran nan cikin gidana ki rufe get. Kai Hamza, ɗaure sarƙar a jikin falwayar nan, ka gajarta ta. Kai kuma sauke bulon, amma kada ka yi nisa." Ya dube ta. "In ya tashi ya kai cizo, ba zan ƙara jin maganar kowa ba."

"Na yarda. Nusaiba, kwalbar zuma tana kan kanta. Da ruwa a kaskonsa. Yi sauri."

Na ruga. Na ɗauko kwalbar da cokali, na tari ruwa a kaskon, na fizgi wata leda a kan igiya ban ma san me zan yi da ita ba. Da na dawo shure-shuren ya ragu, amma ba raguwar sauƙi ba ce. Numfashinsa ya koma sama-sama.

Gwaggo ta miƙa wa Hamza kwalbar. "Buɗe bakinsa ka shafa masa a dasashi."

Hamza ya tsuguna, ya miƙa hannu, sai Duna ya yi wata zabura, haƙoransa suka haɗu ƙas. Hamza ya faɗi zaune ya ja da baya. Wannan kare tare suke wuni a daji, amma maganar ƙanen Alhaji ta riga ta shige shi.

"Inna, in fa da gaske ne?"

Ta karɓi cokalin ta ɗebo zuma ta miƙa daga nesa, yadda ta saba yin komai da karnuka. Muƙamuƙinsa a datse yake, zumar ta zube a ƙasa. Ta sake, ta sake zubewa. Ta tsaya tana kallon cokalin.

Sai ta naɗe hannun hijabinta. Ta duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ga yankan wuƙa a manuniyar dama, ta koma hagu. Na miƙa mata ledar, ta naɗe yatsan da ita. Ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta ɗora tafin hannunta a kan Duna ta danne shi a ƙasa, ta ɗaga leɓensa ta shiga goga masa zumar a dasashi.

Wurin ya yi tsit, har ina jin kwandastoci a tasha suna kiran Zariya, Zariya. Ta ɗebo ta goga, ta ɗebo ta goga. Mai faci ya matso da ƙarfensa ya tsaya a kanta, a shirye. Gumi yana ɗiga daga haɓarta zuwa kunnen karen. Tana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka addu'a ce, da na kasa kunne sai na ji faɗa take yi masa.

"Tashi mana. Kai ma da naka, sai ka bi gada kamar ubanka ne ya aike ka. Tashi, Duna."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san Alhaji ya ce, "Gwaggo, ya isa haka," ta yi kamar ba ta ji ba. Can sai na ga ƙarshen harshensa ya leƙo ya lashi leɓe. Ya sake lasa. Ƙafafun suka daina motsi. Idonsa ya juyo ya tsaya a kan fuskarta.

"Kowa ya ja baya," in ji Alhaji.

Duna ya ɗaga kai, kan ya koma ƙasa. Ya sake ɗagawa, ya tattara ƙafafun gaba ya yi ruf da ciki. Mai bulon ya sunkuya ya ɗauki bulonsa. Gwaggo ba ta matsa ba. Ta jawo kaskon da hannunta ta ajiye masa a gaba. Ya shinshina, ya tsaya, sannan ya sa baki ya fara sha, yana sha yana hutawa. Da ya ɗago, jelarsa ta bugi ƙasa sau ɗaya.

"Ya sha ruwa!" in ji matar nan mai jika. "Mahaukaci ba ya sha!"

"Wannan ba hujja ba ce, Hajiya," in ji Alhaji, amma muryarsa ta sauka. "Gwaggo, ga sharaɗina. A kulle shi a kango, ba fita, ba mai zuwa kusa. Zan kira likitan dabbobi ya zo ya gan shi, abin da ya ce shi za a yi. Ke kuma ki je ki wanke hannun nan da sabulu yanzu, ki daɗe kina wankewa."

"Duk na yarda, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Haka aka yi. Likitan ya zo washegari, ya ce a ci gaba da tsare shi ana lura. Kwanakin da ya ɗiba suka cika Duna yana ci yana sha, aka yi masa allura, Hamza ya sha faɗa a wurin likita da wurin Alhaji. Amma a yammacin ranar ba wanda ya san haka za ta ƙare. Hamza ya rungumi karen a ƙirji ya kai shi kango, Tanimu da ɗan'uwansa suka sulale ba sallama, aka buɗe wa yara get.

A gida Gwaggo ta tsuguna a bakin famfo ta wanke hannu da sabulu kamar yadda Alhaji ya ce, sannan ta ɗebi ƙasa ta sake wankewa kamar yadda mahaifinta ya koya mata. Hamza yana raɓe a bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa fita.

"Inna, ki yafe ni."

"Ni ka ci wa? Je ka feɗe zomon nan, kayan cikin nasa ne. Ka dafa, kada ka ba shi ɗanye, kuma kaɗan-kaɗan."

Da zai wuce ya harare ni. "Malama Shiru, ashe kina magana."

Gwaggo ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta fito da buhun gero da faifai. Ta auna kwanon da ta saba aunawa na dunƙule, ta tsaya jim, ta ƙara wani a kai. Sannan ta zauna a bakin tabarma, ta jawo faifan kan cinyarta, ta fara tsince tsakuwa.